Cokali, sheƙawa ko ƙanƙara: me ya fi saurin sa shayi ya huce?

Ɗan_Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana fiziks na wannan zaure. An zuba shayi kofi ɗaya, a ce mililita 250, yanzu aka sauke shi daga wuta, mutum kuma minti biyar kacal gare shi kafin ya fita. Wasu sun ce a tsoma cokalin ƙarfe a bar shi ciki, zai janye zafin. Wasu sun ce a sheƙa shi tsakanin kofi biyu yadda masu shayi ke yi. Wasu kuma sun ce firij. Ni dai a ganina cokalin ya fi kama hankali, tunda ƙarfe ya fi komai ɗaukar zafi. Wanne ne daidai, kuma don me? Da lissafi nake so, ba "haka muka taso muka gani" ba.

Mai_Lissafi:
Wa alaikumus salam. Mu fara sanin yawan zafin da ake son fitarwa. Jul shi ne ma'aunin yawan zafi. Giram ɗaya na ruwa sai ya sha jul 4.18 kafin ya hau digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas, haka kuma sai ya saki jul 4.18 kafin ya sauka digiri ɗaya. Shayi kusan ruwa ne zalla, don haka mililita 250 giram 250 ne, wato kimanin jul 1,045 a kowane digiri. Daga 90 zuwa 60, inda baki ke iya ɗauka, digiri 30 ke nan, jimla kusan jul 31,000. Wannan ne bashin da ake binka.

Yanzu cokali. Ƙaramin cokalin shayi bai wuce giram 25 ba, kuma irin ƙarfensa rabin jul yake sha a kowane giram a kowane digiri. Ya tashi daga zafin ɗaki, 30, zuwa 85: 25 sau 0.5 sau 55, kusan jul 690. Ana binka 31,000 ka kawo 690. Ko digiri ɗaya bai sauke ba.

Ɗan_Birni:
To amma Malam, ai ba ɗumamar cokalin kaɗai nake nufi ba. Mariƙinsa yana waje, zafi na bi ta cikinsa ya fice cikin iska.

Injiniya_Zazzau:
Ɗan_Birni, bayan minti biyu ka taɓa ƙarshen mariƙin ka ji. In kana iya riƙe shi ba ka yarfe hannu ba, ka samu amsarka: zafin bai ma iso wurin ba balle ya fita. Cokulan gidajenmu yawanci ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, wanda muke kira silba, kuma sunan ne kawai, ba azurfa ba ne. A ma'aunin saurin ratsawar zafi lambarsa wajen 15 ce. Alminiyom wajen 235, jan ƙarfe wajen 400, azurfar gaske wajen 430. Cikin ƙarafa, silbar cokali na daga cikin mafi nawa wajen kai zafi, shi ya sa ma ake yi wa tukwane mariƙi da ita.

Ko da cokalin na jan ƙarfe ne, matsalar na nan: faɗin mariƙin ƙarami ne, iska kuma ba ta da saurin karɓar zafi. Abin da ke fita ta mariƙin cokalin silba bai kai wat ɗaya ba, wato jul ɗaya a kowace daƙiƙa, alhali kofin kansa, a buɗe, yana zubar da wat 30 zuwa 40 a mintunan farko ba tare da an yi masa komai ba.

Uwar_Biyu:
Ke nan duk shekarun nan cokalin ado ne kawai a cikin kofin? Ikon Allah.

Injiniya_Zazzau:
Ba ado ba ne Hajiya, in ana juyawa da shi. Ajiye shi ciki ne ba ya komai.

Tsohon_Malami:
Bari in ɗan koma baya, don tambayar Ɗan_Birni ba za ta warware ba sai an san ta ina zafin ke fita. Akwai wanda ke ratsa jikin kofin ya shiga tebur ko hannu. Akwai wanda iska ke kwasa: iskar da ta taɓa kofin ta yi ɗumi ta tashi sama, wata mai sanyi ta maye gurbinta. Akwai huci, irin wanda kake ji a fuska in ka zauna gefen murhu, wanda ko babu iska yana tafiya. Sai tururi, kuma muddin shayin na da zafi sosai, tururi ne babban mai kwasar kaya.

Dalili kuwa, kafin giram ɗaya na ruwa ya zama tururi sai ya ɗauke kimanin jul 2,300 daga ruwan da ya bari a baya. Ku raba da 1,045 ɗin Mai_Lissafi: giram ɗaya kacal in ya tashi, ya sauke kofin gaba ɗaya da digiri biyu da 'yan kai. Da a ce tururi kaɗai zai biya bashin 31,000, giram 14 ya isa, ƙasa da cikin babban cokali ɗaya. Wannan shi ake kira ɓoyayyen zafi, Joseph Black ne ya fara bayyana shi a Gilasgo wajen 1762.

Abin lura, yunƙurin tururi na tashi ba ya sauka daidai da zafi, faɗowa yake. A digiri 90 matsinsa, wato ƙarfin wannan yunƙurin, 70 ne a ma'aunin kilofaskal, a 80 ya koma 47, a 60 ya koma 20, a 40 bai wuce 7 da ɗan abu ba. Shi ya sa shayi ke saurin barin 90, amma in ya zo 50 sai ya yi ta jan ƙafa. Duk dabarar da za ka yi da tururi, a mintunan farko take da riba.

Ɗan_Maraɗi:
Madalla da Malam. Wannan shi ne sirrin sheƙawa. A cikin kofi mai faɗin santimita 8, fuskar shayin da ke kallon iska santimita murabba'i 50 ce kawai, kuma tururin da ya tashi yana tsayawa a bakin kofin kamar rumfa, yana hana na baya tashi. In ka sheƙa, shayin ya zama siririn zare yana ratsa sabuwar iska, ya faɗa ɗaya kofin ya fantsama, na ƙasa ya dawo sama. Faɗi ya ƙaru, rumfar tururi ta watse, an kuma gauraya, duk a lokaci guda.

Yadda ake yi: kofi biyu, kowanne ya fi shayin girma, kada shayin ya wuce kashi biyu cikin uku na kofin. Ka fara zubawa bakin kofunan na kusa da juna, sai zaren ya kama hanya sannan ka ɗaga hannun sama zuwa kamu ɗaya ko biyu, ka sake saukowa kafin ya ƙare. Wanda ya fara daga sama shi ke ƙona yatsu. Zare siriri a hankali ya fi kwarara gaba ɗaya, don tsawon lokacin da ruwan ya yi cikin iska shi ne aikin. A Malesiya ma haka suke wa shayin madararsu da suke kira te tarik, haka kudancin Indiya da gahawarsu.

Mai_Lissafi:
Ɗan_Maraɗi, akwai rabin aikin da ba ka ambata ba, kuma ba iska ke yin sa ba, kofi na biyun ne. Kofin tangaran mai nauyin giram 300 yana shan kimanin jul 255 a kowane digiri, daidai da cokula ashirin. Zuba shayi mai digiri 95 cikin irin wannan kofi yana zafin ɗaki, 30: (1,045 sau 95, a haɗa da 255 sau 30) a raba da 1,300, ya ba da 82. Digiri 13 sun tafi ba a ko sheƙa ba. Juye shi cikin wani tangaran ɗin mai sanyi, ya sauka wajen 72. Amma sai an ba kowane kofi kamar minti ɗaya ya sha zafin, don tangaran ba ya ɗauka nan take. Kuma da zarar kofunan biyu sun ɗumama, wannan ribar ta ƙare, saura ta iska.

Kofin roba ba ya wannan aikin. Ba shi da nauyi, ba ya sha, ba ya kuma barin zafi ya ratsa.

Ƙanwar_Maza:
Ni abin da ban gane ba, ba wanda ya ambaci hurawa. Ai ita ce ta fi sauƙi, kuma bisa bayanin Tsohon_Malami tana kore rumfar tururin.

Almajirin_Ilimi:
'Yar'uwa, ta fuskar fiziks gaskiyarki ne. Amma hadisi ya zo da hanin yin numfashi ko hura iska cikin abin sha, don haka da yawa za su guje ta. Kuma babu asara, fifitawa na yin aikin. Mafici, ko murfin kwano, ko a ajiye kofin gaban fanka. Iskar fanka ma ta fi ta baki, don numfashin mutum na fitowa da ɗumi da danshi, kuma ba ya ɗorewa.

Injiniya_Zazzau:
Na goyi bayan fanka, da sharaɗi ɗaya: iskar ta bi ta saman shayin, ba gefen kofin ba. In kofin dogo ne shayin kuma rabi, iskar za ta wuce ta sama ta bar tururin kwance a ciki. Ko dai a cika kofin kusa da baki, ko a juye a kwano mai faɗi. Ninka faɗin baki sau biyu, daga santimita 8 zuwa 16, yana ninka fuskar sau huɗu. Tsofaffin Rasha da Ingila da ke zuba shayi a ɗan faranti su kurɓa, wannan lissafin suke bi ko ba su sani ba.

Bakatsine_77:
Kun manta yanayi. Da hunturu iska a bushe take, dole shayi ya fi saurin hucewa nesa ba kusa ba fiye da damina. Rashin danshin iska shi ne komai a harkar tururi.

Tsohon_Malami:
Bakatsine, a nan kam ka ɗan zarce. Abin da ke tura tururi shi ne tazarar da ke tsakanin matsinsa a fuskar shayin da wanda ke cikin iska. A digiri 80 shayin na da 47. Iska mai digiri 30 da danshi kashi 80 cikin 100 tana da wajen 3.4, mai danshi kashi 15 kuma wajen 0.6. Tazarar 43.6 ce da damina, 46.4 da rani. Bambancin kashi 6 cikin 100 ne kawai. Abin da ke sa shayi saurin sanyi da hunturu shi ne sanyin kofin da sanyin iskar da kaɗawarta, ba bushewarta ba.

Inda maganarka ke da cikakken ƙarfi shi ne randa. Ruwan randa bai fi zafin ɗaki ba, matsinsa 3 ko 4 ne kacal, don haka ɗan danshin iska shi ke yanke hukunci. A iska mai digiri 38 da danshi kashi 15, iyakar inda ƙafewar ruwa za ta iya kai sanyi wajen digiri 19 ko 20 ne. A iska mai digiri 30 da danshi kashi 80, ba za ta wuce 27 ba. Shi ya sa randa ke sanyi kamar me a watan Maris, ta zama ba yabo ba fallasa a watan Agusta.

Bakatsine_77:
Na karɓi gyara a kan shayi, Malam. Amma tunda an zo kan randa, a tuna da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa, mai tukunya cikin tukunya ta sanyaya kayan abinci. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Inda mutane ke kuskure: su yi amfani da babbar tukunya mai fenti ko sumul da ba ta tsatsafo da ruwa, ko su kulle ta a ɗakin da ba iska. In ruwa bai tsattsafo waje ya ƙafe ba, ba sanyi.

Gwanin_Firij:
Mu dawo kan shayin Ɗan_Birni, tunda ya ambaci firij. Kada a sa. Cikin firij iska ce, digiri 4 ko 5, kuma a yawancin ƙananan firij a tsaye take ba ta kaɗawa. Tazarar zafi tsakanin shayin da iska ta tashi daga 60 zuwa 85, ƙarin da bai kai rabi ba. Cikin minti biyar ba za ka ga abin kirki ba. Tururin kuma zai kwanta a bango da bututun sanyi ya zama raɓa ko ƙanƙara, ya ɗumama madara da naman da ke kusa, injin ya yi ta aiki.

In sanyi kake so daga waje, ruwa za ka nema ba iska ba. Ruwa ya fi iska ratsar da zafi fiye da sau 20. Juye shayin a siririn kofin silba ko na alminiyom, tsayar da shi cikin kwano mai ruwan famfo lita ɗaya, ruwan ya kai daidai tsayin shayin. Juya shayin da cokali, ka riƙa motsa kofin cikin ruwan. Minti ɗaya zuwa biyu ya sauka 60. Lita ɗaya mai digiri 28 na iya kai shi har 40 in ka manta da shi, don haka a riƙa ɗanɗanawa.

Ɗan_Birni:
Tsaya. Ɗazu Injiniya ya ce silba ba ta kai zafi, yanzu kai ka ce kofin silba. Wanne zan ɗauka?

Gwanin_Firij:
Duka biyun. A cokali zafin zai bi tsawon santimita 10 ta siririyar hanya. A kofi kaurin bango kawai zai ratsa, rabin milimita, ta faɗin jikin kofin gaba ɗaya. Tazara gajeriya, ƙofa mai faɗi. Tangaran kuwa kaurinsa milimita 4 ko 5, lambarsa wajen 1, a kwanon ruwa ɓata lokaci ne. Tambulan na gilas kuma kada a gwada ko kusa: waje ya tsuke ciki na buɗe, sai ka ji ƙas. Gilashin awo irin na ɗakin gwaji ne kaɗai ke jure wannan, don buɗewarsa da zafi kashi ɗaya cikin uku ne na gilashin yau da kullum.

Mai_Lissafi:
In sauri zalla ake magana, ba abin da ya kamo ƙanƙara, don ita ma tana da nata ɓoyayyen zafin: jul 334 kowane giram kafin ta narke, sannan ruwan da ta zama ya sake shan 4.18 sau 60 kafin ya hau 60. Jimla jul 585 a giram. Raba 31,000 da 585: giram 53, kamar ƙwaya uku na ƙanƙarar faranti masu giram 18 zuwa 20. Ƙasa da minti ɗaya in ana juyawa.

Kwatanta da ruwan sanyi na firij mai digiri 5: giram 136 kake buƙata. Ruwan randa ko na famfo mai digiri 30: giram 250, wato ka ninka shayin biyu, ya zama ruwan wanke kofi. Dabarar ita ce a dafa shi da kauri da gangan, mililita 200 mai ƙarfi, sukari ya narke tukuna, sannan ƙanƙara. Sukari kafin ƙanƙara, in ba haka ba ya kwanta a ƙasa. Kuma ƙanƙarar ta ruwan sha ce, ba ta bulo da ake sanyaya lemo da ita ba, don digiri 60 na ɗan lokaci ba tafasawa ba ne.

Uwar_Biyu:
To madara fa? A zuba tun farko ko a jira?

Tsohon_Malami:
Tsohuwar muhawara ke nan Hajiya. In so ake ya huce, a jira, madara daga ƙarshe. In so ake ya daɗe da zafi, a zuba tun farko. Shayi mililita 200 mai digiri 90 da madara mililita 50 mai digiri 30 suna haɗuwa a wajen 78. In ka haɗa tun farko, minti biyar ɗin a 78 zuwa ƙasa zai yi su, inda tururi ya riga ya yi rauni. In ka jira, zai yi su daga 90 inda zubar zafi ta fi yawa, sannan madara ta zo ta ƙara sauke shi. Tushen wannan dokar Isaac Newton ce ta 1701, cewa saurin hucewa na bin tazarar da ke tsakanin abu da muhallinsa. Ga buɗaɗɗen kofi ma abin ya fi yadda Newton ya faɗa tsanani, saboda tururi.

Sai dai kada a ɗauka wani gagarumin abu ne, digiri biyu zuwa uku ne. Kuma madarar ruwa ake nufi. Ta gari cokali biyu ba ta sanyaya komai, haka sukari, giram 10 bai sauke digiri ɗaya ba.

Ƙanwar_Maza:
Duk lissafinku na shayi ne. Ku gwada shi a kunu ku gani. Kunun gyaɗa ko koko saman ya yi sanyi, ka kai cokali ƙasa ya sale maka harshe.

Injiniya_Zazzau:
Wannan magana ce mai kyau, kuma a nan ne cokali ke samun darajarsa. Shayi tsinkakke ne, yana gauraya kansa: saman da ya huce ya fi nauyi, sai ya nitse, mai zafi ya taso. Shi ya sa juya shayi ɗan taimako ne kawai. Kunu kuwa kaurinsa ya hana wannan zagayen, zafin tsakiya sai dai ya rarrafo a hankali, kuma ruwa a tsaye ba gwanin ratsar da zafi ba ne, lambarsa 0.6. Daɗin daɗawa, saman ya yi yana, yanar kuma murfi ce, ta toshe tururi. Maganinsa abin da iyayenmu mata ke yi: faffaɗar ƙwarya ko kwano, a ɗebo da ludayi a ɗaga a tsiyayo, a maimaita, yanar ba ta samun zama. In ana sha, a ɗebo daga gefe da sama.

Haka farfesu mai maiƙo. Man da ya kwanta a sama ba ya barin tururi, sai ka ga kwano shiru ba hayaƙi ka ɗauka ya huce. Rashin ganin tururi ba shaidar sanyi ba ne.

Sarkin_Musu:
Duk kun bar babban abin mamaki. Ruwan zafi ya fi ruwan sanyi saurin daskarewa a firiza, kimiyya ta tabbatar. Ke nan dokar Newton ɗin nan taku akwai lauje cikin naɗi.

Mai_Lissafi:
"Ta tabbatar" ya yi nauyi. Erasto Mpemba, ɗalibin sakandare a Tanzaniya, ya lura da hakan a 1963 wajen haɗa askirim, daga baya shi da Denis Osborne na jami'ar Darussalam suka wallafa a 1969. Tun lokacin wasu sun gani, wasu ba su gani ba. A 2016 Henry Burridge da Paul Linden a Ingila sun auna da kyau ba su samu abin ba, suka kuma nuna cewa ɗan sauya inda aka tsoma ma'aunin zafi kaɗai na iya sa a ga kamar ya faru. Ko ya faru, magana ce ta daskarewa, ba ta saukowa daga 90 zuwa 60 ba. Ba wanda shayinsa zai riga hucewa don ya fi zafi.

Sarkin_Musu:
Ban gamsu ba, amma na bar shi sai wani zaren.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Ƙarin dalilin da ya sa wannan ba maganar wasa ba ce. A 2016 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ta saka shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi. Zafin ne abin zargi, ba ganyen shayin ba. Don haka 60 ɗin da Mai_Lissafi ya zaɓa ya yi daidai.

Ga masu jarirai kuma: shawarar hukumar ita ce a haɗa madarar gari da tafasasshen ruwan da bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, don kashe ƙwayoyin cutar da kan iya kasancewa cikin garin, sannan a sanyaya fidar da sauri. Hanyar Gwanin_Firij ake bi: a rufe fidar, a tara ta a famfo ko a tsayar cikin kwanon ruwan sanyi, ruwan kada ya kai murfi. A girgiza, don roba na yaudara, waje ya yi sanyi ciki da zafi. Sai a ɗiga a cikin tsintsiyar hannu, ya zama ɗumi-ɗumi. Ban da jefa ƙanƙara ciki, ban da sheƙawa a buɗe.

Bakatsine_77:
Tambaya ta ƙarshe daga gare ni: baƙin kofi ya fi fari saurin fitar da huci?

Tsohon_Malami:
A'a. A irin wannan zafin hucin ba a hasken da ido ke gani yake fita ba, kuma a can farin tangaran da baƙi duk ɗaya ne, kowanne na fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na iyakar abin da zai yiwu. Wanda ya bambanta shi ne ƙarfe mai sheƙi, wanda ke fitar da kaɗan ƙwarai. James Dewar ya yi amfani da wannan a 1892 a abin da ya zama filas: bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, an shafe su da azurfa saboda huci. Murfin filas kuma ya toshe tururi. Kofin silba mai sheƙi a ajiye a tebur ba ya saurin hucewa yadda ake zato, ƙona hannu kawai yake.

Ɗan_Maraɗi:
Akwai inda sheƙawa ke cin amanar mai ita, gara in faɗa. Kumfa. Shayi mai madara da sukari, ko shayin Buzaye da ake ɗagawa don ya yi kumfa, in ka gama ka ajiye, kumfar ta zama bargo a sama. Lokacin sheƙawa ya huce da sauri, bayanta kuma ya fi wanda ba kumfa riƙe zafi. Don haka a sheƙa har ya kai yadda ake so, kada a tsaya rabi a ce sauran zai ƙarasa da kansa.

Ɗan_Birni:
Na gode ƙwarai jama'a, na janye maganar cokali. Amma har yanzu ban ji wanda ya yi nasara tsakanin sheƙawa da kwanon ruwa ba, in babu ƙanƙara.

Gwanin_Firij:
Kwanon ruwa, ba tantama, in akwai siririn kofin ƙarfe.

Ɗan_Maraɗi:
Kafin ka nemo kwano ka tari ruwa, mai shayi ya sheƙa sau goma ya miƙa wa mai saye.

Mai_Lissafi:
Wannan aunawa ake ba musu ba. Ma'aunin zafi na girki mai tsinke, agogon waya, da sikeli. Ruwan tafasasshe ɗaya, a raba giram 250 sau uku cikin kofuna iri ɗaya: ɗaya a bar shi kawai, ɗaya a sheƙa, ɗaya a kwano. A fara agogo lokacin da kowanne ya nuna 85, ba lokacin zubawa ba, don ruwa ba ya tafasa a 100 ko'ina, a Jos wajen 96 yake tafasa saboda tudu. A juya sau biyu kafin kowane awo, tsinken a tsakiya, kada ya taɓa gindin kofi. A cire shi tsakanin awo. A rubuta duk daƙiƙa 30. Wanda aka sheƙa a sake ɗora shi a sikeli daga ƙarshe: giram ɗin da suka ɓace sau 2,300 shi ne rabon tururi, muddin ba a zubar a ƙasa ba.

Injiniya_Zazzau:
A ƙara kofi na huɗu, Malam: kwano mai faɗi gaban fanka. Kuma kofin da za a sheƙa ciki a ɗauraye shi da ruwan zafi tukuna, in ba haka ba za a ba iska ladan aikin tangaran.